Ɓargon Ɗana Ya Daina Yin Jini, Gwaggo Ta Ce Laifina Ne

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Kaduna, 'ya'yana uku. Mijina ɗan gwaggona ne, auren zumunci aka yi mana, kuma kafin ɗaurin aure mun yi gwajin jini, ni AA shi ma AA. Babban ɗanmu shekararsa 7. Tun haihuwa babban yatsansa na hannun dama bai cika ba, ga shi ɗan tsurut bai kai sa'anninsa tsawo ba, amma ba mu ɗauki abin komai ba. Bara ya fara haɓo, dasashinsa na zubar da jini, zazzaɓi yau da gobe. Mun sha maganin maleriya da na taifot har mun gaji. Da aka tura mu wurin likitan jini sai aka ɗebi ɓargonsa ta ƙugu, aka kuma aika jininsa ƙasar waje. Sakamako ya dawo cewa cutar Fanconi ce, ta gado, ɓargon ya kusa daina yin jini. Zuwa yanzu an yi masa ƙarin jini sau 5. Likita ya ce dashen ɓargo ne zai iya dawo da jinin, a fara gwada ƙannensa biyu.

Ana nan sai wani abokin maigida ya haɗa shi da wani mutum a WhatsApp. Mutumin ya ce a irin cutar ɗanmu ba ƙwayoyin jini kaɗai ne suka lalace ba, har da wasu da ake kira sitiroma masu riƙe da ɓargon, saboda haka dashe asarar kuɗi ne. Ya ce su suna da allurar ƙwayoyin sitiroma, guda uku za a yi a kan naira miliyan 6, yaro ya miƙe. Maigida ya ce in sayar da filin da na gada a Rigachikun. Ita kuma Gwaggo ta ce jinina ne ba shi da kyau, ta rantse ba za a taɓa ƙanwar yaron mai shekara 5 ba, har ta fara yi wa maigida zancen ya auri 'yar ƙaninta. Idan na ƙi sayar da filin za a ce na fi son ƙasa a kan ɗana. Idan na sayar kuma zuciyata ba ta kwanta da mutumin nan ba. Anti, ina zan sa kaina?

Wata uwa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba yaron nan lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Tunda filin ne ya fi hana ki barci, da shi zan fara: kada ki sayar da shi saboda wannan allurar. Mai yiwuwa wata rana ki sayar da shi don yaron nan, kuma ranar ni ce zan fara ce miki ki sayar. Abin da nake guje miki shi ne ranar ta zo ta tarar an riga an zuba kuɗin inda ba su yi rana ba.

Mutumin WhatsApp ɗin nan ba shi ya ƙirƙiro zancen sitiroma ba, shi ya sa maganarsa ta shiga kunnen maigidanki. Gaskiya ya ɗauko rabi, ya ɗora ƙarya a kanta. Sai kin riƙe rabin gaskiyar da kyau za ki iya zama da maigida ki warware masa sauran, don haka ki yi haƙuri in ɗan ja bayanin.

A cikin ƙashi, musamman na ƙugu da ƙirji da gadon baya, akwai wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan waɗanda su ne uwayen duk jinin da ke jikin mutum. Daga gare su ake samun jajayen ƙwayoyi masu kai iska ko'ina a jiki, da farare masu yaƙar cuta, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu tsayar da jini idan an ji ciwo. Mafi yawansu ba su da tsawon rai. Jajayen kamar kwana 120 suke yi, masu tsayar da jini mako ɗaya zuwa kwana 10, wasu fararen ma ba sa cika kwana biyu a cikin jini. Shi ya sa ɓargon babban mutum yake fitar da jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 2 a kowane sakan. Da aikin ya yi sanyi, sai abin da kika gani da idonki ya biyo baya: haɓo da jinin dasashi saboda masu tsayar da jini sun yi ƙaranci, zazzaɓi a kai a kai saboda fararen sun yi ƙaranci, tafin hannu fari fat saboda jajayen sun yi ƙaranci.

To waɗannan uwayen ba su kaɗai suke zaune a cikin ƙashi ba. Ki ɗauke su a matsayin iri, ƙwayoyin sitiroma kuwa su ne ƙasar gonar. Su ba sa zama jini. Aikinsu su riƙe irin a wurinsa, su ciyar da shi, su tsatso wasu sinadarai, irin su CXCL12 da SCF, waɗanda ke gaya wa uwar jini ta zauna ta huta ko ta tashi ta hayayyafa. Daga cikinsu ne kuma ake samun ƙwayoyin da ke gina ƙashi da guringuntsi da kitse, shi ya sa idan ɓargo ya gaza, likita ya duba a madubin awo, kitse yake gani ya cika inda jini ya kamata ya kasance. Wani masani ɗan Rasha, Alexander Friedenstein, shi ya fara ware waɗannan ƙwayoyi a Mosko a shekarun 1960 zuwa 1970, sannan a 1978 Ray Schofield a Ingila ya kawo bayanin cewa uwar jini ba ta ci gaba da zama uwa sai tana cikin mazauninta na musamman.

Cutar ɗanki, wadda likitan yara Guido Fanconi ya fara bayyanawa a Siwizalan a 1927 bayan ya gan ta a jikin wasu 'yan'uwa maza uku, matsala ce ta gyara. Sinadarin gado da ke cikin kowace ƙwaya, wato DNA, yana samun lahani kullum a jikin kowa, jiki kuma yana da hanyar ɗinke shi. Ƙwayoyin gado sama da 20 ne ke haɗuwa su yi wannan ɗinki, idan ɗaya ta samu tangarɗa aikin ya tsaya. Uwayen jini ne suka fi jin jiki, suna ta ƙarewa a hankali, har abin ya fito fili, galibi kafin yaro ya cika shekara 10. Tangarɗar kuma tana cikin kowace ƙwaya ta jikin yaron, daga yatsan nan da bai cika ba har zuwa ƙwayoyin sitiroma. A nan mutumin ya faɗi gaskiya. Masu bincike da suka reni sitiroma na masu Fanconi a ɗakin gwaji sun ga suna saurin tsufa, ba sa yaɗuwa kamar na masu lafiya. A 2009 an nuna a jikin ɓeraye masu irin wannan tangarɗa cewa sitiromansu ba sa riƙe uwayen jini yadda ya kamata. A 2010 kuma wasu masana a Amurka suka lalata wata ƙwayar gado a cikin ƙwayoyin da ke gina ƙashin ɓera kaɗai, ba su taɓa uwayen jinin ba, amma duk da haka jinin ya rikice. Wannan binciken ya taɓo wata 'yar'uwar cutar ɗanki, wadda ake kira Shwachman-Diamond. Ashe ƙasa ma tana da hannu a lalacewar shuka, kuma masana na nan suna ta bin zaren.

Inda ya kauce hanya shi ne cewar wai dashe asarar kuɗi ne. An san tun 1987 cewa idan aka yi wa mutum dashen ɓargo, jinin ya koma na wanda ya bayar, amma sitiroman da ke cikin ƙashin na mai jikin ne, ba su canza ba. Wato duk yaron Fanconi da aka taɓa yi wa dashe a duniya, an zuba lafiyayyen iri ne a kan tsohuwar ƙasarsa mai rauni. Kuma irin yana kamawa. Shekaru da dama ke nan ana yi, kuma a cibiyoyin da suka ƙware, mafi yawan yaran da suka samu ɓargon ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ya dace da nasu suna tashi da lafiyayyen jini, su daina ƙarin jini gaba ɗaya. An fi samun nasara idan yaro bai kai shekara 10 ba, ba a yi masa ƙarin jini da yawa ba, cutar kuma ba ta juye ta zama sankarar jini ba. Kin ga ke nan lokaci ba na wasa da shi ba ne.

Ita kuwa allurar, ko da a ce da gaske ƙwayoyin sitiroma ne a cikin sirinjin, in an sa su ta jijiya mafi yawansu a huhu suke maƙalewa, cikin 'yan kwanaki su ɓace. Ko sun isa ƙashi, ba su san yin jini ba. Gonar da irinta ya ƙare, gyaran ƙasa kaɗai ba zai fitar da tsiro ba. Ba wai ƙwayoyin ba su da amfani a asibiti ba ne. A watan Disamba na 2024 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wani magani da aka yi da su, amma don yaran da aka riga aka yi wa dashe sabon ɓargon ya juyo yana yaƙar jikinsu, maganin farko kuma ya gaza. Wannan daban, warkar da Fanconi daban. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da allurar sitiroma a matsayin maganin cutar ɗanki. Sannan ki tuna yaron da fararen ƙwayoyinsa suka yi ƙasa, ruwan da ba a san inda aka haɗa shi ba in ya shiga jijiyarsa da ƙwayar cuta, kwana ɗaya ya isa a shiga uku. Haka nan garin nan da ake tallarsa a ƙananan ledoji, ana cewa na ƙwayoyin asali ne daga tuffa ko inabi, a sa a ƙarƙashin harshe. Za a kawo miki shi, in ma ba a riga an kawo ba. Ƙwayar itace ba ta zama ɓargon mutum.

Ba zan ɓoye miki nauyin dashe ba. Kafin a sa sabon ɓargo sai an ba yaro magunguna masu ƙarfi su share tsohon, kuma masu Fanconi ba sa jure adadin da ake ba sauran marasa lafiya, dole a rage musu ƙwarai, in ba haka ba maganin da kansa ya yi kisa. Don haka ba kowace cibiyar dashe ce ta dace da ɗanki ba. A Najeriya an fara dashen ɓargo a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ma ya fara a 2024, amma dukansu da masu sikila suka fara. Mutanenmu da yawa Indiya suke zuwa. Duk inda likitanku ya nuna muku, tambayar farko ita ce: masu Fanconi nawa kuka yi wa dashe, kuma nawa ne ke raye? Ku nemi amsar da lissafin kuɗin a rubuce daga asibitin kai tsaye, ba ta hannun dillali ba, a haɗa da kuɗin zaman watannin da za ku yi bayan aikin. Akwai yaran da ba sa tsallakewa, wannan gaskiya ce. Kuma dashe jini kaɗai yake gyarawa. Ba zai ƙara masa tsawo ba, ba zai kawar da haɗarin sankarar baki da maƙogwaro da ke bin masu wannan cuta idan sun girma ba, don haka duba baki wurin likita zai zame masa abin yi har tsawon rayuwa.

Kuɗin farko da za ku kashe, wurin gwajin ƙannensa ne, kuma gwaji biyu ne. Na farko irin wanda aka yi wa yayansu, wanda ake zuba wa ƙwayoyin jini wani sinadari a ga ko sinadarin gadon da ke cikinsu zai kakkarye. Wannan ko babu zancen dashe wajibi ne, domin yaro yana iya ɗauke da cutar yatsunsa lafiya lau, tsawonsa daidai, jininsa bai fara sauka ba tukuna. Na biyu shi ne gwajin dacewar ɓargo da ake kira HLA, wanda ba shi da alaƙa da rukunin jini na O ko A da kika sani. Kowane ƙane yana da damar dacewa 1 cikin 4, damar kuɓuta daga cutar kuma 3 cikin 4, idan aka haɗa ya zama 3 cikin 16. Na faɗa miki lissafin ne don kada ki ɗora duk ranki a kai, in sakamako ya zo ba yadda ake so ba ki ji kamar duniya ta tashi. In babu wanda ya dace, akwai dashen rabin dacewa daga uwa ko uba, wanda ake yi yanzu a manyan cibiyoyi, duk da ya fi wahala. Akwai kuma magunguna irin su danazol da oxymetholone da ke ɗaga jinin wasu yaran na wani lokaci, su ba iyaye sararin shiri. Suna taɓa hanta, suna iya kawo alamun balaga da wuri, saboda haka likita ne zai rubuta ya riƙa bibiya, ba a kemis za a saya ba.

Tsoron da Gwaggo take yi wa 'yar jikarta ba abin dariya ba ne. Wanda bai taɓa gani ba, in ya ji an ce za a ɗebi ɓargon yarinya, fasa ƙashi yake hangowa. Ba a fasa komai. Ana sa ta barci, a sa allura ta bayan ƙugu a zuƙo, gwargwadon nauyin jikinta. Za ta yi 'yan kwanaki tana jin ciwo a wurin, ɓargon kuma ya mayar da kansa cikin 'yan makonni. Ba ya hana tafiya, ba ya hana haihuwa. Haɗarin da ke akwai na maganin barci ne, kuma ƙarami ne. Amma yanzu ba a ma kai nan ba. Abin da ake nema a wannan matakin ɗan jini ne daga hannu, kuma ki gabatar wa Gwaggo da shi a yadda yake: gwaji ne don a san lafiyar yarinyar ita kanta.

Kafin duk wannan ya tabbata, akwai aikin da ke hannunki a gida, kuma shi ne zai kai yaron nan ranar dashe da ƙarfinsa. Kada a ƙara masa jinin dangi, ko naki ko na babansa ko na kawunnai, domin jikinsa zai iya sabawa da yaƙar jinin gidan, ya zo ya ƙi ɓargon da za a ba shi. Ku haɗa masu bayarwa daga waje, abokan kasuwar maigida, malaman makarantarku, mutanen masallaci, ku ajiye lambobinsu tun kafin buƙata ta taso da tsakar dare. Ki tambayi likita ko ana samun jinin da aka tace fararen ƙwayoyinsa. Kada ki ba shi maganin ƙarin jini na kwalba mai sinadarin ƙarfe, ko waye ya kawo shi dubiya. Ba ƙarfe ya rasa ba, kowace ledar jini ma tana tara masa ƙarfe a hanta da zuciya, har wata rana sai an ba shi maganin fitar da shi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, da ya nuna 38 ku kama hanyar asibiti ko ƙarfe nawa ne, ba a jira gari ya waye. Ban da asfirin, ban da ibuprofen da diclofenac, ban da chloramphenicol, ban da allurar ɗuwawu a kemis. Gidan sauro kowane dare, buroshi mai laushi. Sai abin da na fi jin tsoro: shekararsa 7, in ba a yi masa kaciya ba, da sanyi ya shigo za a fara zancen wanzami. Kada aska ta taɓa yaron nan, ko kaciya ko cire belu ko ƙaho ko tsaga, sai a asibiti da izinin likitan jini. Ki samu littafi guda ki riƙa rubuta ranar kowane gwaji da adadin jininsa da ranar kowane ƙari. Ko a asibitin Barau Dikko kuke ganin likita ko a na Shika, ko wata rana a ƙasar waje, littafin nan zai yi miki magana.

Yanzu maganar jininki. AA ɗin da kuka gani kafin aure sikila kaɗai ya duba, bai san da zaman Fanconi ba, don haka babu wanda ya yi sakaci. A kusan dukkan masu wannan cuta, yaro ba ya kamuwa sai ya gaji ƙwaya mai tangarɗa guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai ɗauke da guda ɗaya lafiyarsa ƙalau, bai ma san yana da ita ba. Akwai wani nau'i da ba kasafai ake gani ba wanda ke bi ta uwa kaɗai, amma a gidan da miji da mata jikokin mutum ɗaya ne, abin da ya fi kusa shi ne ƙwayar ta taso daga kakanku ko kakarku, ta bi ta mahaifinki ta zo gare ki, ta bi ta Gwaggo ta je ga mijinki. Wato jinin da take cewa ba shi da kyau, nata ne da na ɗan'uwanta.

Na gaya miki wannan ne don ki sauke kayan da aka ɗora miki, ba don ki je ki mayar mata da magana ba. In kika faɗa mata da bakinki, kin ci gardama kin rasa gwajin yarinya. Tsohuwa ce da ke kallon jikanta yana ƙanjamewa, tana neman inda za ta ajiye zafin, ke ce kuma mafi kusa. Bai sa abin da ta faɗa ya zama daidai ba. Amma bayanin ya fito daga bakin likita, ko daga wani babba a dangi da take jin nauyinsa, kuma a faɗe shi da siffar da za ta iya haɗiya: abu ne da Allah Ya ajiye a gidan tun kakanni, ba wanda ya sani, ba wanda ya jawo. In mahaifinki na raye, shi ya fi kowa dacewa ya zauna da 'yar'uwarsa.

Shi kuma maigida, ni ban ga mugunta a lamarinsa ba. Mutum ne da aka ce masa ga hanya mai tsawo, mai tsada, ba tabbas, sai wani ya zo ya ce masa allura uku an gama. Kowa zai so ya yarda. Kada ki buɗe zancen da cewa an yaudare shi, namiji ba ya son jin haka, balle ta hannun abokinsa abin ya zo. Ki ce masa kin amince filin na jinyar yaron ne, ba ki da ja a kan wannan, sharaɗinki ɗaya: ku je tare wurin likitan jini da saƙonnin mutumin a waya, a karanta a gabansa. Ku kuma nemi mutumin ya rubuto sunan asibitinsa, da lambar rajistar likitan da zai yi allurar a hukumar likitoci ta ƙasa, da inda aka samo ƙwayoyin, da yaro mai Fanconi ko ɗaya da ya daina ƙarin jini bayan allurar, wanda likitanku zai iya duba takardunsa. Sau da yawa daga nan ake daina ɗaga waya, ko a fara cewa likitoci hassada suke yi. Ki bar maigida ya gani da kansa. Fili kuwa gadonki ne, a shari'a ba mai sayar da shi sai da yardarki, ki riƙe takardunsa a wurin da kika aminta da shi ba tare da kin mayar da abin rigima ba.

Zancen ƙarin aure ba ni zan hana ba, ke ma ba ki da ikon hanawa, na kuma san yana ci miki rai ya zo a daidai wannan lokaci. Amma akwai abin da ya wajaba maigida ya sani kafin a kai goro. In dai daga kakanninku ƙwayar ta fito, 'yar ƙanin Gwaggo jikar gidan ce ita ma, tana da damar 1 cikin 4 ta kasance tana ɗauke da ita. Auren da aka ƙulla don a guje wa cutar zai iya dawo da ita ɗaki na biyu. In an gano ainihin ƙwayar da ta samu tangarɗa a jikin ɗanki, ana iya gwada duk wanda ke shirin aure a dangin, wannan kuma alheri ne ga gidan gaba ɗaya. Ku ma, kowane ciki da za ki ɗauka nan gaba yana da haɗarin 1 cikin 4, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, ba ya tuna cewa an riga an samu ɗaya. Shawarata ku ɗan dakata da haihuwa har a ga inda jinyar nan ta dosa, ku yi maganar ku biyu da likita, ba a tsakar gida ba.

Ke ma ki samu mai kama miki. Ki sanar da shugabar makarantarku halin da ake ciki tun yanzu, don ranakun asibiti kada su zama abin tuhuma. Ki zaɓi mutum ɗaya a danginki, ya ko ƙanwa, da za ta riƙa karɓar ki kwanan asibiti ta kuma kula da ƙananan, domin su ma suna ganin an tattara hankali a kan yayansu. Yaron kuma ya ci gaba da zuwa makaranta da islamiyya duk ranar da jininsa ya ba da hali, a gaya wa malamansa ban da bulala, ban da wasan kokawa da ƙwallo har masu tsayar da jininsa su hau. A zuwanku asibiti na gaba, ki roƙi likita ya ba ku lokaci na daban wanda ba na layi ba, ki tafi da maigida da littafinki, ku fito da ranar da za a ɗebi jinin ƙannen.